Man Fetur Maras Dalma Da Tsofaffin Injunan Lambu

Wani mai sauraronmu daga Bungudu ya aiko yana cewa, injin ban ruwan da ya gada wurin mahaifinsa ya soma rage ƙarfi, kuma wani bakanike ya ce masa laifin fetur ɗin zamani ne, don an cire masa dalma. Haka wasu masu lambu daga Tsafe da Gusau suka tambaya. Shin gaskiya ne?

To malam, sai mu koma baya kaɗan. A 1921 wani injiniya na kamfanin General Motors a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa in aka zuba wani sinadarin dalma cikin fetur, inji yakan daina ƙwanƙwasa. A 1923 aka soma sayar da shi. Dalmar kuma takan lulluɓe mazaunin bawul ɗin da hayaƙi ke fita, ta hana shi saurin cinyewa.

Amma fa dalma guba ce. Tana bin hayaƙi ta shiga jini, ta daƙushe ƙwaƙwalwar yara. Mu a Zamfara ba sai an ba mu labari ba. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinari ta hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Hanyar shigarta dabam ce, amma gubar ɗaya ce.

Shi ya sa duniya ta juya mata baya. Japan ta cire ta daga fetur na yau da kullum a 1975, Amurka ta haramta wa motoci ita a 1996. A 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka taru a Dakar, suka sa wa kansu wa'adin ƙarshen 2005. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Yanzu ga amsarka. Yawancin injunan da suka cika fadamunmu, musamman tun shirin Fadama na shekarun 1990, ƙirar Japan ne irin su Honda da Robin, ko kwaikwayonsu. An ƙera su ne bayan Japan ta bar dalma, saboda haka mazaunin bawul ɗinsu mai tauri ne, ba ruwansu da ita. Injin dizal kuwa, irin na niƙa, dama can ba a sa wa mansa dalma. Wanda abin kan shafa shi ne tsohon injin fetur na kafin shekarun 1970, mai bawul zaune kan zallan ƙarfen zubi, shi ma sai in ana ƙure masa wuta sa'o'i da yawa.

Saboda haka kada ka yi gaggawar sayar da injinka da arha ana tsakiyar noman rani. Ka sa bakanike ya auna saitin bawul. In tazarar tana ta tsukewa bayan kowane saiti, mazaunin ne ke cinyewa, kuma ana iya sa masa sabo mai tauri. In ba haka ba, a duba fulogi da matatar iska da zoben fistin. Ka riƙa canja baƙin mai a kan kari, ka guji gurɓataccen fetur na bumburutu, kuma in za ka ajiye inji da damina, ka tsiyaye man da ke tanki da kafireto.

Allah Ya ba da damina mai albarka da rani mai amfani. Sai mun ji daga gare ku.