Barth: Sunan Jamusawa da Ya Tsiro Daga Gemu

Duk wanda ya taɓa nazarin tarihin Kano, Katsina, Sakkwato ko Borno na ƙarni na 19, da wuya a ce bai ci karo da sunan Barth ba. Malamai suna kafa hujja da shi, ɗalibai suna rubuta shi a takardun jarrabawa, wasu ma suna furta shi da lafazin Ingilishi, alhali mai sunan Bajamushe ne, kuma a bakin mutanensa "Bart" ake cewa, da jan wasali, harafin ƙarshe kuma ba a furta shi. Mene ne ma'anar wannan suna, daga ina ya fito, kuma su wane ne suka ɗauke shi har duniya ta san su? Amsar ta ratsa kasuwannin Jamus na tsakiyar zamani, ta biyo ta Dutsen Dala, ta kuma tsaya a wani ƙauyen Faransa da aka ƙone ƙurmus.

Yadda Jamusawa suka sami sunayen iyali

Har zuwa wajen ƙarni na 12, Bajamushe suna ɗaya yake da shi, na yanka. Da birane irin su Kolon suka bunƙasa, mutane suka yawaita, sai aka wayi gari unguwa guda tana da Johann goma da Heinrich goma. Mai karɓar haraji da alƙali da marubucin gado suna bukatar abin da zai bambanta su, don haka aka shiga liƙa wa kowa laƙabi. Da farko laƙabin na mutum ɗaya ne, yana mutuwa da shi. Sannu a hankali ya zama abin gado, ɗa ya karɓa daga uba ko da siffar ba ta same shi ba. Al'adar ta faro daga kudu da yamma, daga manyan gidaje da mazauna birni, sannan ta gangara karkara.

Masana sunaye sukan raba waɗannan laƙubba gida-gida. Akwai na sana'a, kamar Müller mai niƙa da Schmidt maƙeri. Akwai na sunan uba, akwai na garin asali, akwai na inda gidan mutum yake, kusa da rafi ko kan tudu. Sai kuma na siffa ko hali: Klein ƙarami, Lang dogo, Schwarz baƙi. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin shi ma yana da Dogo da Gajere da Maƙeri da Bakatsine. Bambancin kawai shi ne Jamusawa sun daskarar da nasu a takarda, suka mai da shi gadon dole.

Gemu, gatari, waliyyi da gari

Fassarar da ta fi rinjaye ita ce Barth daga kalmar "bart" ya fito, wato gemu. Ashe ke nan kakan farko Maigemu ne. Laƙabin ya yi ma'ana ne domin ya bayyana a zamanin da aske fuska ya zama ruwan dare a tsakanin maza, sai wanda ya tara gemu ya fita daban. Gemu ya daɗe yana raɗa wa mutane suna a can. Ƙabilar Langobard da ta mamaye arewacin Italiya a shekarar 568, ana fassara sunanta da "masu dogon gemu". Sarki Friedrich na Ɗaya, wanda ya nutse a wani kogi a 1190 a kan hanyarsa ta yaƙin 'yan Salibiyya, an fi saninsa da Barbarossa, mai jan gemu. Eberhard na Württemberg, wanda ya kafa jami'ar Tübingen a 1477, har yau da laƙabin "mai gemu" ake kiransa, kuma ana ba da labarin cewa ya daina aske shi ne tun daga ziyarar da ya kai Birnin Ƙudus a 1468.

Sai dai ba kowane Barth ne jikan mai gemu ba. Wasu sun samo sunan daga taƙaita Bartholomäus, sunan ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa goma sha biyu a wurin Kirista, wanda asalinsa Aramiyanci ne, ma'anarsa "ɗan Talmai". Wasu kuma ana danganta nasu da tsohuwar kalmar "barte", wani faffaɗan gatari, sai ya zama laƙabin mai ƙera shi ko mai aiki da shi. Akwai kuma garin Barth a gaɓar Tekun Baltik, kusa da Stralsund, wanda ya sami matsayin birni a 1255, kuma wanda ya yi ƙaura daga can ana iya kiransa da sunan garinsu. Saiwa huɗu ke nan suka haɗu a rubutu guda. Saboda haka mutum biyu masu wannan suna, ɗaya a Hambug ɗaya a Basel, ba lallai ne jini ya haɗa su ba.

Shi kuwa harafin ƙarshe da ba a furtawa, ragowar tsohon rubutu ne. Jamusawan da suna rubuta "th" a kalmomi da yawa na harshensu. Taron daidaita rubutu da aka yi a Berlin a 1901 ya soke wannan a kalmomin asali, amma sunayen iyali sun riga sun shiga rajistar hukuma, gyaran bai shafe su ba. Shi ya sa gemu a yau Bart ne, iyali kuma suka ci gaba da zama Barth.

Abdulkarim

An haifi Heinrich Barth a Hambug ranar 16 ga Fabrairu 1821, a gidan ɗan kasuwa. Ya yi karatu a jami'ar Berlin, ya koyi Larabci, ya kuma zagaya ƙasashen gaɓar Bahar Rum kafin ya cika shekara talatin. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta shirya aika tawaga tsakiyar Afirka don ƙulla yarjejeniyar ciniki da neman hanyar daƙile fataucin bayi, sai aka haɗa shi da shugaban tafiyar James Richardson da wani Bajamushe masanin duwatsu, Adolf Overweg. Sun bar Tarabulus a Maris 1850. A wannan tafiya Barth ya ajiye sunan gado, ya ɗauki Abdulkarim, kuma da shi fadawa da fatake da malamai suka san shi.

Ya shiga Agadas a Oktoba 1850, ya biyo ta Katsina, ya isa Kano a farkon Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman. Ya iso da zazzaɓi da bashi, aljihu babu nauyi, amma wannan bai hana shi hawa Dala ya zana birnin ba. Ya ƙiyasta mazauna Kano da mutum 30,000, adadin da yakan ninka a lokacin hada-hadar fatake, ya kuma kimanta tufafin da masaƙa da marinan ƙasar suke fitarwa da wuri miliyan 300 a shekara. Waɗannan lissafe-lissafe ne suka sa har yau masu tarihin tattalin arziki ba sa iya tsallake shi. Ya kuma rubuta labarin Hausa Bakwai da Banza Bakwai kamar yadda ya ji shi.

Abokan tafiyarsa ba su koma gida ba. Richardson ya rasu a Maris 1851 kafin ya kai Kukawa, Overweg kuma a Satumba 1852 a bakin Tafkin Chadi. Barth ya zauna a ƙarƙashin kulawar Shehu Umar na Borno, ya je Yola ya ga Binuwai a Yuni 1851, ya kuma bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu, inda ya ga farautar bayi da idonsa, ya rubuta ta ba tare da ya rufa wa masu masaukinsa asiri ba. A 1853 ya nufi yamma, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna a Wurno, ya ziyarci Sakkwato. A Gwandu aka ba shi aron Tarikh al-Sudan, ya kwafi abin da ya iya cikin 'yan kwanaki. Ya yi kuskuren jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali na Abdurrahman al-Sa'di ne, amma ta hannunsa ne Turai ta fara sanin tarihin daular Songhai daga alƙalamin 'ya'yanta.

Ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba 1853, bayan ya ɓoye addininsa a ƙarshen hanya yana nuna shi Balarabe ne. Da asirin ya tonu, masu mulkin Masina suka nemi a kore shi ko a hallaka shi. Shehu Ahmad al-Bakka'i na gidan Kunta ne ya tsaya masa, ya kafa hujjar shari'a cewa baƙon da aka ba amana ba a taɓa shi, ya kuma raka shi da kansa lokacin fita. Da ba don wannan malami ba, da wataƙila babu littafin da muke karantawa.

Barth ya isa Landan a Satumba 1855 tare da samari biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega da Dorugu. Dorugu, Bahaushen ƙasar Damagaram, ya ba mai wa'azin mishan J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a Magana Hausa a 1885, kuma yana cikin tsofaffin rubutattun labaran Hausa na boko. Shi kuwa Barth ya fitar da littafinsa mujalladi biyar a 1857 da 1858, da Jamusanci da Ingilishi. Littafin ya yi wa masu neman labarin ban mamaki nauyi, bai samu kasuwa irin ta littafin Livingstone ba. Ya rasu a Berlin ranar 25 ga Nuwamba 1865 yana da shekara 44.

Wajibi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Mutumin da ya zauna da malamai ya ɗauke su abokan ilimi, ya yarda cewa Afirka tana da rubutaccen tarihi a lokacin da manyan masanan Turai suke musun haka, shi ne kuma ɗan aiken daular da ta ci Kano da yaƙi a 1903. Taswirorinsa da bayanansa na hanyoyi da kasuwanni suna nan a ɗakunan karatu lokacin da masu mamaya suka tashi.

Malamin da ya ƙi rantsuwa

A Turai kuwa, idan aka ce Barth, yawanci Karl ake nufi. An haife shi a Basel ta Suwizalan a 1886, ya yi limancin coci a ƙauyen Safenwil daga 1911 zuwa 1921. Abin da ya girgiza shi shi ne ganin malamansa na Jamus, har da Adolf von Harnack, sun goyi bayan yaƙin da Kaisa ya shiga a 1914. Sai ya yanke cewa ilimin addinin da zai iya zama bawan gwamnati cikin sauƙi haka, akwai ɓaraka a tushensa. Sharhinsa na wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, wanda ya fito a 1919 ya sake rubuta shi a 1922, ya sauya alƙiblar tauhidin Furotesta.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, wani ɓangare na cocin Jamus ya rungumi aƙidar Nazi. Karl Barth ne babban marubucin Sanarwar Barmen ta Mayu 1934, wadda ta ƙi yarda wata hukuma ta zama madogarar imani. Ya ƙi yi wa Hitler rantsuwar biyayya marar sharaɗi, aka raba shi da kujerarsa a jami'ar Bonn, ya koma Basel a 1935. Daga baya shi da kansa ya amsa laifin cewa sanarwar ba ta ce komai ba game da zaluncin da ake yi wa Yahudawa. Ya rasu a 1968 bai kammala babban littafinsa na aƙidar coci ba, duk da ya haura shafi 9,000. Ƙanensa, malamin falsafa a Basel, sunansa Heinrich Barth, takwaran Abdulkarim, kuma ya rasu a 1965, shekara ɗari cif bayan matafiyin.

Wanda sunansa ya ɓoye shi

Shekara goma bayan Barmen, ranar 10 ga Yuni 1944, dakarun SS suka kewaye ƙauyen Oradour-sur-Glane a Faransa. Suka harbe maza a rumbuna, suka kulle mata da yara a coci suka cinna wuta. Fiye da mutum 640 suka mutu. Cikin hafsoshin da suka jagoranci aikin akwai Heinz Barth, kuma Heinz taƙaitaccen Heinrich ne. Kotun Bordeaux ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a 1953, amma ya ci gaba da zama a garinsu Gransee, a Jamus ta Gabas, da sunansa na gaskiya, har aka kama shi a 1981. A 1983 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, aka sake shi a 1997 saboda rashin lafiya, ya mutu a 2007. Kangon Oradour yana nan yadda aka bar shi, gwamnatin Faransa ta hana a sake gina shi don ya zama shaida.

Sunan ya kuma ƙetare iyakar Jamus. Fredrik Barth, ɗan Norway da aka haifa a Leipzig a 1928, masanin al'ummomi ne da ya yi bincike har a Darfur, kuma littafin da ya shirya a 1969 ya koyar da cewa iyakar da mutane ke shatawa tsakaninsu ita ke raya ƙabila fiye da jerin al'adunta. John Barth kuma marubucin ƙagaggun labarai ne na Amurka da ya rasu a 2024.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Linzamin da Jamusawa suka gada daga wani mai gemu na tsakiyar zamani ya shiga bakin mutum uku, ɗaya ya tafi neman ilimi har Tambutu, ɗaya ya ƙi durƙusa wa azzalumi, ɗaya ya tsaya a kan kisan ƙauye guda. Wanda ya je Tambutu a yau zai ga allo a jikin gidan da matafiyin ya sauka, ɗauke da sunan da ya gada a Hambug. Mutanen da suka ba shi ruwa da masauki da littattafai a tsakanin 1850 da 1855 kuwa, Abdulkarim suka sani.