Blue Lagoon: Tafkin ɗumi da matafiyan teku ke ziyarta a Iceland

Blue Lagoon tafkin wanka ne mai ruwan ɗumi a yankin Reykjanes da ke kudu maso yammacin Iceland, dab da garin Grindavík. Tsakaninsa da Reykjavík, babban birnin ƙasar, kimanin kilomita 50 ne, shi ya sa fasinjojin jiragen ruwan yawon buɗe ido da ke yada zango a birnin kan je can a motocin bas, su komo kafin jirginsu ya tashi.

Da yawa na zaton marmaro ne na asali, alhali ba haka ba ne. Ruwan na fitowa ne daga tashar lantarki ta Svartsengi, wadda ke zuƙo tafasasshen ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Tun 1976 ragowarsa ke taruwa a kan narkakken dutsen da ya sandare, a 1981 kuma mutane suka fara wanka a ciki. Ɗuminsa na tsakanin digiri 37 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas. Sinadarin silika ne ke ba shi launin shuɗi mai ratsin fari, sai dai ba ya raga wa gashi, yakan busar da shi ya yi tauri.

Babbar barazanar ita ce dutse mai aman wuta. An rufe wurin a Nuwamban 2023 saboda girgizar ƙasa, aka sake rufe shi sau da dama bayan nan. A Nuwamban 2024 narkakken dutse ya binne filin ajiye motocinsa. Ga matafiyin da jirginsa zai yi yini ɗaya kacal a Reykjavík, rufewar kwana guda ta isa ta hana shi ganin tafkin.