Bayan Ƙwarya da Cikinta: Nazari kan Duma da Kabewa a Hannun Masu Fasaha

Masana tsirrai sun sa duma da kabewa da kokwamba da kankana a dangi ɗaya, sai dai asalinsu ya bambanta. Duma ɗan Afirka ne, kabewa kuwa daga nahiyar Amurka ta bazu duniya. Wajen mai fasaha, abu biyu ne ya haɗa su: baya mai santsi ko mai tsaga-tsaga da ido ke gani, da kuma ciki mai rami. Abin da nake son nunawa a nan shi ne, yawancin ayyukan da suka yi suna a wannan fanni sun tsaya ne ga bayan, alhali a wurin mai amfani cikin ne dalilin abin.

Akwai wani reshe na zanen Turai da ba a zana mutum ko daji a cikinsa, sai ajiyayyun kaya kamar 'ya'yan itace da kwanuka. Ɗaya daga cikin fitattun ayyukansa shi ne wanda Juan Sánchez Cotán ya yi a Toledo ta ƙasar Sifen wajen 1602, yanzu yana gidan adana zane na San Diego a Amurka. Wata 'yar taga ce baƙi ƙirin daga ciki. An rataye kabeji da wani ɗan itace mai kama da tuffa da zare, an ajiye shammam da aka yanka, da yankinsa a gefe, sai kokwamba da ta leƙo bakin dakali kamar za ta faɗo. Ido kan sauka kan shammam ɗin, domin shi kaɗai aka buɗe, ana ganin 'ya'yansa da laimarsa. Duk wanda ya taɓa yanka kabewa ya san daga lokacin da wuƙa ta shiga, kwananta ya zama ƙidayayye. Cotán ya kama wannan sa'a ya tsayar da ita. Ba da jimawa ba ya bar sana'ar birni ya shiga gidan masu zuhudu a Granada.

A zamaninmu, babu wanda sunansa ya ɗauru da kabewa kamar Yayoi Kusama, 'yar Japan, wadda aka haifa a Matsumoto a 1929 a gidan masu sana'ar irin shuka. A babban bajekolin fasaha na Venice na 1993 ta nuna wani ɗaki rawaya mai baƙaƙen ɗigogi, da akwatin madubai a tsakiya, inda 'yan kabewoyi ke ninkuwa har ido ya gaza ƙirga su. A 1994 aka kafa kabewarta mai tsayin mita 2 a ƙarshen wata tsohuwar matsayar jiragen ruwa a tsibirin Naoshima. Ɗigogin suna bin tsagin kabewar, manya a kan tudu, ƙanana a cikin kwari, har su ne ke gaya wa ido siffar abin. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma ina ganin masu raina aikin saboda yawan masu ɗaukar hoto a gabansa ba su tsaya sun dube shi ba. Amma kabewar Kusama baya ce zalla. Da roba mai haɗin zaren gilashi aka ƙera ta, ba ta nuna, ba ta ruɓewa, ba ta da 'ya'ya.

A watan Agusta na 2021 guguwar teku ta tumɓuke ta, igiyar ruwa ta yi ta juya ta har ta tsage, jama'a suka ga ramin da ke cikinta. A Oktoban 2022 aka kafa sabuwa mai ƙarin ƙarfi. Wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu sun kwanta kan gora suna iyo ba zai yi mamakin yadda ruwa ya ɗauke ta ba. A ganina, ranar ce kaɗai ta nuna halin danginta.

Hanya ta dabam ita ce a yi aiki a jikin duman kansa, kuma ta girmi duk zanen da muka ambata. A Huaca Prieta da ke gaɓar tekun Peru, Junius Bird ya tono ƙananan duma masu zanen fuskoki a shekarun 1940, waɗanda suka haura shekara 4,000, kuma har yau ƙauyukan Cochas kusa da Huancayo suna wannan sana'a. A nan gida, littafin The Essential Gourd na Marla Berns da Barbara Rubin Hudson, wanda ya fito a 1986, ya bi zanen ƙwarya a arewa maso gabashin Najeriya, wajen Fulani da Tera da Ga'anda da maƙwabtansu: wasu da ƙarfe mai zafi, wasu da tsinin wuƙa sannan a shafa baƙi ya shiga tsagin, wasu da rini. Mai wannan aiki ba ta zaɓi siffar da za ta yi zane a kai ba. Gona ce ta ba ta, ko masaki ko ƙoƙo ko ludayi, dole zanen ya bi lanƙwasar da ya tarar, kuma kuskure ba ya gogewa.

Matsalar tana zuwa ne idan ƙwaryar ta shiga gidan tarihi. Don a ga zanen, sau da yawa kife ta ake yi a bayan gilashi. Mai kallo zai yaba layuka, amma ba zai ga inda nono ya zauna shekara da shekaru har cikin ya yi duhu ba, kuma mai tara kayan fasaha ya fi son wadda ba ta da tabo. Ɗinkin gyartai kuwa, wanda wasu ke ɗauka aibi ne, shi ne shaidar cewa mai ƙwaryar ta ga darajarta har ta biya a ɗinke ta maimakon ta jefar. Tun da roba da kwanon samira suka cika kasuwa, gyartai ya yi wuyar gani a garuruwanmu, kuma ƙwaryar da ake zanawa don sayar wa baƙi, tun daga hannun mai fafewa an san ba za a dama fura a cikinta ba.