Shirin Tiyatar Sauya Gwiwa Bayan Mummunan Rauni: Abin da Bincike Ya Nuna

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin nazarce-nazarcen da aka wallafa kan tiyatar sauya gwiwa ga waɗanda suka taɓa karyewa a gaɓar. Ta nuna cewa irin wannan gwiwa ta fi wadda tsufa ya cinye wuyar sha'ani, kuma shirin da aka yi kafin a shiga ɗakin tiyata yana da babban rabo a yadda aikin zai kasance.

Gabatarwa

A 1890 wani likitan Jamus, Themistocles Gluck, ya sa wa marasa lafiya gwiwar hauren giwa a Berlin, amma ƙwayoyin cuta suka ɓata aikin. Sai a 1974 John Insall da abokan aikinsa a New York suka fito da samfurin da yawancin gwiwoyin yau suka samo asali daga gare shi: a fere bakin ƙashin cinya da na ƙauri, a lulluɓe su da ƙarfe, a sa roba mai tauri a tsakani. Nazarin Evans da abokansa a mujallar Lancet a 2019 ya gano cewa kusan kashi 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 ba a sake su ba.

Sai dai galibin masu wannan kyakkyawan sakamako tsofaffi ne da guringuntsinsu ya zaizaye a hankali. Ɗan acaɓan da mota ta buge, kan ƙashin ƙaurinsa ya tarwatse, labarinsa daban ne. Masu bincike a Jami'ar Iowa sun kiyasta a 2006 cewa kashi 12 cikin 100 na amosanin ƙugu, gwiwa da idon sawu a Amurka tsohon rauni ne silarsa. A lardin Ontario na Kanada kuwa, Wasserstein da abokansa sun bibiyi mutum fiye da 8,000 da aka yi wa aikin karayar kan ƙauri, suka ruwaito a 2014 cewa kashi 7.3 cikin 100 sun kai ga sauya gwiwa cikin shekara 10, kuma haɗarinsu ya kai wajen ninki biyar na waɗanda ba su karye ba.

Gwiwar da ta taɓa shan wuƙa

Likitan ƙashi da ya duba irin wannan gwiwa yana tarar da abubuwan da babu su a gwiwar tsufa. Akwai tabo biyu ko uku, fata ta manne da ƙashi ba ta motsi a ƙarƙashin yatsa. Akwai farantin ƙarfe da kusoshi da ƙashi ya binne. Wani lokaci ƙashin ya haɗe a karkace, ko ya lotsa a gefe guda. Rahoton asibitin Mayo na 2003 kan gwiwa 62 da aka sauya bayan karayar kan ƙauri ya nuna an samu tangarɗa bayan aiki a kashi 26 cikin 100, kuma kusan ɗaya cikin biyar sai da aka sake shiga da su tiyata.

Saboda haka aikin farko shi ne farautar ƙwayar cuta mai kwanton ɓauna. Tana iya lafewa a jikin tsohon ƙarfe shekara da shekaru ba zazzaɓi ba kumburi, sai an sa sabuwar gaɓa ta farka. Ana gwada jini a ga alamomin kumburi, wato ESR da CRP, in an yi shakka a zuƙo ruwan gwiwa da allura a kai ɗakin gwaji. In an samu cuta, sai a fara cire ƙarfen, a yi maganinta, a jinkirta sauyin. A nan ne tarihin majiyyaci ke da nauyi sosai a ƙasar Hausa, inda da yawa kan fara zuwa wurin mai ɗori kafin su isa Asibitin Ƙashi na Dala. Wanda aka yi wa tsaga aka shafa magani, ko raunin ya taɓa fitar da mugunya, wajibi ne ya faɗa wa likita ko da ba a tambaye shi ba. Kunyar faɗin haka tana iya jawo asarar gaɓar gaba ɗaya.

Fata ma sai an yi mata lissafi. Jinin da ke ciyar da fatar gaban gwiwa daga ɓangaren ciki ya fi zuwa, shi ya sa in tabo ya yi yawa likita kan bi wanda ya fi kusa da waje, kada ya bar tsirin fata tsakanin yanka biyu ya mutu. Hoton ƙafa tun daga ƙugu har idon sawu, majiyyaci yana tsaye, shi ke nuna girman karkatar ƙashin.

Rabon majiyyaci a cikin shirin

Hujja mafi ƙarfi a nan ta shafi sigari. A gwajin da Møller da abokansa suka yi a Denmark, wanda Lancet ta buga a 2002, an taimaka wa rabin mashaya 120 su daina ko su rage sha mako shida zuwa takwas kafin tiyatar ƙugu ko gwiwa. Matsalar warkewar rauni ta tsaya a kashi 5 cikin 100 a cikinsu, alhali ta kai kashi 31 a ɗaya rukunin. Da wuya a samu wani magani mai irin wannan tasiri da arha haka.

Mai ciwon suga sai sugansa ya daidaita, mai ƙarancin jini a gyara masa tun da wuri, mai sikila kuma a yi shirinsa tare da likitan jini. Ruɓaɓɓen haƙori ko gyambo a ƙafa a magance su tukuna. Allurar rage kumburi da ake yi a cikin gwiwa tana ƙara haɗarin cuta in aka yi ta cikin wata uku kafin tiyata.

Gashin ƙashi kafin aiki yana ƙarfafa naman cinya, ya koya wa mutum tafiya da sanduna, ko da yake amfanin da bincike ya tabbatar masa matsakaici ne. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, yadda gwiwa ke lanƙwasa kafin tiyata shi ya fi komai nuna yadda za ta lanƙwasa bayanta.

Wannan batu na lanƙwasa ya cancanci a tsaya a kansa. Tafiya tana buƙatar digiri 65 ko kusa da haka, tashi daga kujera wajen 95, kuma gwiwar ƙarfe kan kai 110 zuwa 120. Zaman tahiya da tsugunno a masai kuwa suna neman 140 zuwa sama, abin da gwiwar da rauni ya sandarar da wuya ta bayar. Nazarin Bourne a Ontario a 2010 ya samu kusan mutum ɗaya cikin biyar bai gamsu da sabuwar gwiwarsa ba, kuma babban dalili shi ne abin da ya sa rai da shi bai samu ba. Likitan da ya bar dattijo ya shiga tiyata yana zaton zai dawo ya zauna a tabarma kamar da, bai kyauta masa ba. Ya kamata tun a ɗakin duba marasa lafiya a gaya masa zai yiwu ya ci gaba da salla a kan kujera, abin da malaman fiƙihu suka halatta ga mai lalura, a kuma sa iyalinsa su tanadi masai na zama, gado mai ɗan tudu, da wanda zai riƙa kai shi gashin ƙashi a makonni shida na farko.