Tsoka ko jijiya: shaidar da ke cikin baƙin idon yaro

An haura shekara ashirin da taron Naarden ta ƙasar Holan, inda a 2002 likitoci suka tattara cututtukan motsin ido da ake haihuwar yara da su, suka ce tushensu jijiya ce. Duk da haka wasu littattafan koyarwa har yau tsoka suke fara ɗora wa laifi.

Tun 1879 likitan Jamus Heuck ya ba da labarin wani iyali da fatar idonsu ke saukowa, idon kuma ba ya kallon sama. A 1905 Alexander Duane ya tattara bayanan mutum 54 masu wani nau'in dabam. Aka duba tsokar da ke juya ido, aka tarar ta ƙandare, sai aka tsaya nan shekaru barkatai.

Binciken gawa ne ya sauya zancen. A 1980 Hotchkiss da abokan aikinsa suka tarar mai cutar Duane ba shi da jijiya ta shida cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, reshen jijiya ta uku ne ya kama tsokar. A 1997 Elizabeth Engle ta Boston ta ga reshen sama na jijiya ta uku babu shi a jikin wani ɗan irin dangin da Heuck ya kwatanta.

Ni dai shaidar da ta fi gamsar da ni ba ta buƙatar wuƙa, tocila ta isa. A 2001 aka gano gurɓacewar ƙwayar gado PHOX2A a wasu iyalai na Saudiyya da Turkiyya masu irin wannan cutar motsin ido. Ƙofar hasken da ke tsakiyar baƙin idon yaransu 'yar mitsitsiya ce, da ƙyar take motsi idan an haska. Tsokar da ke tsuke wannan ƙofa tana can cikin ido, irinta dabam. To yaya ƙandarewar tsokar waje za ta kai gare ta?

Masu ja sukan ce idan jijiya ta uku ta mutu wa babba, ƙofar buɗewa take yi, ba tsukewa ba. Gaskiya ne, amma babba rasa jijiyar ya yi bayan ta ginu. A jikin ɓera an nuna ƙwayar gadon nan tana da hannu wajen gina jijiyoyin da ke aiki ba da umarnin mutum ba, shi ya sa nake ganin har hanyar buɗewar ta taɓu tun yaron yana ciki. A cutar Duane kuwa galibi ƙofar lafiya lau take, domin jijiya ta shida ba ruwanta da ita.