Tubabben Ɗan Fashi a Idon Kirista da Mabiya Buda

An daɗe da sanin Madarunfa da tafkinta da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, waɗanda Nijar ta miƙa sunansu ga hukumar UNESCO a shekarar 2006 domin a sa su cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Amma daga wajen shekarar 2019 sunan gundumar ya shiga bakin duniya ta wata hanya daban. Ƴan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina suka riƙa tsallako iyaka, suna kore shanu, suna sace mutane don neman kuɗin fansa a karkarar Gabi da Sarkin Yamma da gefen dajin Baban Rafi. Tare da wannan masifa wata tsohuwar tambaya ta dawo zaure: idan ɗan fashi ya aje bindiga ya ce ya tuba, me za a yi da shi?

Mahukunta sun gwada amsa. A watan Disamba na 2016 gwamnatin Nijar ta yi shelar afuwa ga mayaƙan Boko Haram da suka miƙa wuya a jihar Diffa, aka tara su a sansanin Gudumariya, kuma a Disamba na 2019 aka sallami rukunin farko, fiye da mutum 100. A Katsina, gwamna Aminu Bello Masari ya zauna da shugabannin ƴan bindiga a 2019, sannan a 2020 ya fito ya ce sun ci amana, ya janye. Tun da tambayar ta girme mu, yana da kyau mu ga yadda wasu al'ummomi suka yi fama da ita. Kirista dai maƙwabtanmu ne: mishan ta SIM ta zauna a Tsibiri tun 1927, asibitin kutare na Danja kuma, wanda ke cikin wannan gunduma, yana aiki tun 1956. Mabiya Buda kuwa suna can nesa, a Asiya, sai dai a littattafansu ne aka fi tsayawa a kan labarin ɗan fashin da ya tuba.

Sunansa Angulimala, ma'ana mai abin wuya na yatsu, domin yakan yanke yatsan duk wanda ya kashe ya rataya. Ya tare hanya a ƙasar Kosala, a arewacin Indiya, a zamanin Buda, ƙarni 5 kafin haihuwar Annabi Isa, har ƙauyuka suka tashi saboda shi. Riwaya ta ce Buda ya bi wannan hanya shi kaɗai duk da gargaɗin makiyaya da manoma, suka yi magana, ɗan fashin ya jefar da takobi ya aske kai ya shiga cikin almajiransa. Sarki Pasenadi ya fito da mahaya 500 don ya kamo shi. Da ya tarar da shi zaune cikin rigar masu zuhudu, sai tsoro ya kama sarki, daga baya ya ƙyale shi, har ya yi masa tayin tufa da abinci.

Masu ba da labarin sukan tsaya a nan, alhali abin lura yana gaba. Wata safiya Angulimala ya shiga birnin Sawatti yin bara, sai aka yi ta jifansa da hoge da sanda da katanga, ya komo da kai a fashe, ƙwarya a karye, riga a yage. Buda bai aika a kamo majefa ba, bai kuma ce wa almajirin an zalunce shi ba. Ya ce masa ya daure, domin wannan kaɗan ne daga sakamakon aikinsa, wanda da ya shafe dubban shekaru yana sha a wuta. A nan ne tushen koyarwar yake. Mabiya Buda ba su da Ubangiji mai shari'a da zai shafe zunubi; abin da suke kira kamma, wato aiki da sakamakonsa, ba ya jin roƙo. Bahaushe ya riga ya san wannan magana, tun da ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Saboda haka in an ce mutum ya yafe, amfanin na mai yafewa ne, domin ya sauke wa zuciyarsa ƙiyayya. Mai laifi kuwa bashinsa yana nan. Akwai kuma wani ɗan bayani da ya cancanci a faɗa wa masu shirya sulhu: littafin dokokin masu zuhudu ya ce da mutane suka riƙa gudu suna rufe ƙofa in sun hango Angulimala, suna gunaguni, sai aka kafa doka cewa kada a sake karɓar sanannen ɗan fashi cikin jama'ar. An karɓi tubar mutum guda, aka kuma saurari tsoron gari.

Wannan a zaure ke nan. A fada kuwa, misalin da ya fi shahara shi ne sarki Ashoka, wanda ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi wajen shekara ta 261 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi da kansa ya sa aka sassaƙa a jikin dutse cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, kuma ya yi nadama. A wannan rubutu ya ce zai yafe wa wanda ya yi masa laifi gwargwadon abin da yake yafuwa, sannan ya juya ga mazauna daji ya tuna musu cewa nadamarsa ba ta rage masa ƙarfi ba, su tuba kada a kashe su. Bai soke hukuncin kisa ba. Abin da ya yi shi ne ya ba wanda aka yanke wa hukuncin kwana 3, domin dangi su nemi sassauci, shi kuma ya shirya wa lahirarsa. Wanda ya karanta wannan gargaɗi ga mutanen daji, ya tuna da Baban Rafi da dajin Rugu, zai ji kamar jiya aka rubuta shi.

Ga Kirista al'amarin ya fara ne daga wani wuri. Laifi a wurinsu zunubi ne ga Allah kafin ya zama cuta ga mutum, kuma Allah yana shafe shi don alherinsa. An kuma ɗora wa mai bi ya yafe kamar yadda yake son a yafe masa, har cikin addu'ar da suke yi kullum. Linjilar Yahaya ta kawo labarin macen da aka kama da zina, inda Annabi Isa ya nemi marar zunubi ya fara jifa, jama'a suka watse ɗaya bayan ɗaya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Amma Bulus, a wasiƙarsa ga Romawa, ya ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Kuma ɓarawon da Linjilar Luka ta ce ya tuba a kan gungume, bisa ga riwayar Kirista, alkawarin aljanna aka yi masa, ba a sauko da shi ba.

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin haɗa waɗannan biyu ɗan Afirka ne: Agustin, babban limamin Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya. Wajen shekara ta 412 wasu ƴan ɗariƙar Donatus suka amsa laifin kashe wani limami mai suna Restitutus, da dukan wani mai suna Innosentiyus, wanda suka ƙwaƙule wa ido suka yanke masa yatsa. Limaman nan na Agustin ne. Duk da haka ya rubuta wa jami'in Rum da ke shari'ar, Marsellinus, ya roƙe shi kada a kashe su, kada a yanke musu gaɓa, a dai tsare su a sa su aiki mai amfani, domin matacce ba ya tuba. Ba sakinsu ya nema ba. A wata wasiƙa kuma, ga wani hakimi mai suna Masedoniyus da ya tambaye shi dalilin da limamai ke yawan roƙa wa masu laifi, ya amsa da hukuncin da ya zauna daram a koyarwar Kirista: wanda ya ƙwace kayan wani, yana da halin mayarwa bai mayar ba, tubarsa ta baki ce. Gaskiya ne shi wannan Agustin ya goyi bayan hukuma ta matsa wa ƴan Donatus, kuma ƙarnonin da suka biyo sun ga an ƙone mutane da sunan kare addini a Turai. Sai a 2018 Fafaroma Faransis ya sa aka rubuta a littafin koyarwar Katolika cewa hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne. Nijar kanta ba ta zartar da shi ba tun 1976, ko da yake majalisar ba da shawara ta ƙasa ta ƙi a soke shi a Disamba na 2010.

Kiristan ƙasar nan an jarraba su da wannan koyarwa a aikace. A watan Nuwamba na 2000 zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi aka afka wa majami'u. A Janairu na 2015 aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu. A Yuni na 2019 aka sake ƙone wata a unguwar Zariya ta Maraɗi. Abin da aka ji daga limamansu da yawa bayan 2015 wa'azin yafewa ne, ba a kuma ga ramuwa ba. Wannan abin girmamawa ne, sai dai kada hukuma ta fake da shi. Fafaroma Yahaya Bulus na biyu ya je har gidan kaso a 1983 ya zauna da Mehmet Ali Agca, wanda ya harbe shi a 1981, amma mutumin ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekarar 2000.

A nawa ganin, abin da ya haɗa Angulimala da wasiƙun Agustin shi ne babu wanda ya ɗauki afuwar sarki a matsayin ƙarshen magana. Sarki yana iya maida takobi kube, amma ba ya iya yafe jinin da ba nasa ba, ko shanun da ba daga garkensa aka kora ba. Malamanmu na zaure ba za su yi mamakin wannan ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa daga Madarunfa har Katsina, ta ce ɗan fashin da ya zo da tuba kafin a kama shi ana sauke masa haƙƙin Allah, amma ana bin sa haƙƙin mutane na dukiya da na jini. Ta ce wanda magada suka yafe wa kisan ganganci sai an yi masa bulala 100 an ɗaure shi shekara guda, kisan gilla kuwa babu afuwa a cikinsa ko kaɗan. A 2025 an sake zaman sulhu da ƴan bindiga a ƙaramar hukumar Jibiya, wadda ke daura da Ɗan Isa ta gundumar Madarunfa. Manomin Gabi da ya sayar da gona ya fanshi ɗansa a wancan gefen iyaka ba ya cikin waɗanda aka kira, domin shi ɗan wata ƙasa ne, kuma har yanzu babu kotun da zai kai wa takardar cinikin gonar.