Tarihin Dutsen Guga

Jama'ar zango, kowa ya san dutsen guga, amma ba kowa ya san inda ya fito ba. Waɗansu suna tsammani Turawa ne suka koya mana gyaran tufa. Ba haka ba ne.

Tun kafin mu ga ƙarfen guga akwai masu bugu a ƙasar Hausa. Sukan shimfiɗa riga bisa gungumen itace, su yi ta dukanta da guduma ta itace har ta kwanta. In baƙar riga ce a zuba mata shuni, ta fito tana ƙyalli. Irin waɗannan tufafi ne fatake suke kawowa Salaga su musanya da goro, kafin yaƙin 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka nufo Kumasi da sauran garuruwa.

Guga da wuta kuwa, mutanen Sin sun yi shekara wajen 2,000 suna zuba garwashi cikin kaskon ƙarfe suna bin tufa da shi. A Turai sai suka ƙera guntun ƙarfe mai nauyi wanda akan ɗora kan murhu. Aibinsa shi ne mariƙin yakan ƙona hannu, har cikin 1871 wata mace a Amurka, Mary Potts, ta fito da mariƙin katako wanda ake cirewa. Cikin 1882 kuma Henry Seeley ya sami takardar mallakar dutsen lantarki a Niu Yok. Amma a zangonninmu na gawayi ne ya ci kasuwa, watau mai ɗan zakara a kan murfi. Da shi masu wanki da guga suka ciyar da iyali, suna goge kakin soja da fararen rigunan akawu da sitaci. Ko bayan da aka gama madatsar Akosombo cikin 1965 bai mutu ba, don in wuta ta ɗauke shi ake nema.

Guga fa ba ado kaɗai ba ne. Akwai wani ƙuda mai yin ƙwai kan tufa mai damshi, musamman wadda aka shanya a ƙasa. In aka sa ta, tsutsa ta shiga fata ta kumbura kamar maruru. Zafin dutse shi ke kashe ƙwan, saboda haka kada a ƙyale ko da zanen goyo.

Wajen gashi kuwa, Marcel Grateau ya fara murɗa shi da ƙarfe mai zafi a Faris wajen 1872. Daga baya Madam Walker ta baza matajin ƙarfe na miƙar da gashi tsakanin baƙaƙen matan Amurka. Wajen 1965 har 'yammatan can suka riƙa ɗora kai kan teburin guga a bi musu gashi da dutsen tufa, ya ƙone ya kakkarye.

To, 'yan'uwa, kowane abu da ma'aikacinsa. Rigar shuni a kai ta bugu, kayan yara a goge su sarai, gashin 'ya'yanmu kuwa a nisanta shi da dutsen tufa. Allah ya rufa mana asiri, amin.